Ƙwan enaji da nauyin barcinsa

A zauren gidanmu akwai wani ƙwan lantarki da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Irin mai tsimin wutar nan ne da 'yan kasuwa suke ce wa enaji, murɗaɗɗen gilashinsa yana ɓoye cikin wani farin ƙoƙo. Da asubar hunturu, idan Baba ya danna makunni zai fita masallaci, sai ƙwan ya yi jim, sannan ya kawo wani haske dishi-dishi mai sirkin ja, wanda ko aci-balbal ta fi shi kuzari. A haka Baba zai laluba takalmansa ya fice. Kafin ya dawo zauren ya haske fes, har allura ka yar sai ka tsince ta. Washegarin ranar da na sa shi Baba ya kira ni ya ce, "Kai, mayar wa mai shagon nan kayansa, jabu ya ba ka." Na ce, "Baba, a yi masa haƙurin minti biyu." Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin fitilar da sai an yi bikonta ba.

Ban mayar ba. Ƙwayayen da na sa a ɗakuna tare da shi, masu kamawa da an taɓa makunni, tuni suka yi baƙi a gindi aka zubar da su. Shi kuwa mai nawar yana nan.

Jiran da wannan ƙwai yake sa mutum iri biyu ne, kuma dalilansu ba ɗaya ba ne. Akwai na ɗan lokacin nan tsakanin danna makunni da bayyanar haske, wanda bai cika wuce daƙiƙa ɗaya ba. Akwai kuma na biyun, mai cin rai, daga dishi-dishi zuwa cikakken haske, wanda kan ɗauki rabin minti har zuwa minti uku. Na farkon da gangan aka sa shi. Na biyun kuwa halin zaiba ne, ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da ake ɗigawa a cikin ƙwan, kuma masu ƙera ƙwan sun ƙara masa tsawo da saninsu, don gudun abin da ya fi jira muni.

Abin da ya sa muke ganin jiran baƙon abu shi ne mun tashi da tsohon gulob mai zare. Shi aikinsa ba shi da kwana-kwana. Siririyar waya ce ta ƙarfen tangistin, wuta ta bi ta cikinta, ta yi zafin da ya kai wajen digiri 2,500 a ma'aunin Salsiyos, ta yi jawur har ta koma fara, kamar ƙarfen da maƙeri ya zuga. Saboda sirantarta, kafin ƙiftawar ido ta kai wannan zafi. Illarsa ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha a zafi take tafiya; masu kiwon 'yan tsaki sun san haka, shi ya sa suke rataya shi don ɗumama keji. Gulob mai wat 60 da enaji mai wat 13 zuwa 15 haskensu kusan ɗaya ne.

Shi enaji ba ƙarfe yake gasawa ya ba da haske ba. Bututun gilashin an zuƙe iskar da ke cikinsa, an zuba 'yar wata iska da ake kira agon kaɗan, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na matsin iskar da muke shaƙa ba, sannan an ɗiga zaiba, miligiram uku zuwa biyar a yawancinsu, abin da bai fi ya rufe tsinin biro ba. A kowane bakin bututun akwai ɗan naɗaɗɗen zaren waya da aka shafe da wani sinadari mai sakin ƙwayoyin lantarki, wato ilektoron, idan ya ji zafi. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke tsere daga wannan baki zuwa wancan. A hanya suna bangazar ƙwayoyin zarra na tururin zaiba, ita kuma zaibar da an bangaje ta sai ta fitar da wani haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Da a ce gilashin garau yake, da ɗan shuɗi-shuɗi kawai za ka gani. Farar hodar nan da ke shafe a cikin bututun, wadda ke zubowa idan ƙwan ya fashe, ita ce take shanye ɓoyayyen hasken ta mayar da shi fari.

Kenan aikin miƙa-miƙa ne: waya ta ba zaiba, zaiba ta ba hoda, hoda ta ba ɗaki. Duk wanda ya makara a cikinsu, ɗaki ne zai zauna a duhu.

Wanda ya yi zamani da doguwar fitilar nan ta ofisoshi da azuzuwa, mai cok da sitata, ya san yadda take ƙyaf-ƙyaf tana ƙaras-ƙaras kafin ta kama, wani lokaci ma sai an hau kujera an murza sitatar. Abin da take fama da shi shi ne iska ba ta yarda wuta ta ratsa ta da sauƙi. Sai an ɗumama zaren da ke bakuna biyu, sannan a doka mata wuta mai ƙarfi, ɗaruruwan bolt fiye da abin da ke zuwa daga soket, kafin hanya ta buɗe. Da ta buɗe kuma sai matsalar ta juye: iskar da ta ƙi wuta ɗazu yanzu ba ta ƙoshi, gwargwadon wutar da ta bi ta cikinta gwargwadon yadda take ƙara buɗe hanya, har sai wani abu ya ƙone. Dole a sami mai riƙe linzami. A doguwar fitila cok ne yake wannan aiki. A enaji an tattara duka, da mai ɗumamawa da mai doka wuta da mai riƙe linzami, a kan wani ɗan allo da ke cikin farin gindin roba. Shi ake kira balas.

Na taɓa fasa gindin wani mataccen ƙwai da sukudireba don in gani. Allon bai fi faɗin murfin kwalbar magani ba: tiranzisto biyu, 'yan kafasito, ɗan zoben ƙarfe da aka naɗe da waya, sai wani kafasito babba da ya kumbura ya tsage a kai, wanda shi ne ajalin ƙwan. Wannan ɗan tarkace yana karɓar wutar gida mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ya mayar da ita mai kai-komo sau dubu 40 ko fiye. Shi ya sa enaji ba ya rawar hasken nan mai sa ciwon kai irin ta tsohuwar doguwar fitila.

To a ƙwai mai kyau, idan ka danna makunni, balas ba ya gaggawar doka wutar. Sai ya ɗauki rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa guda yana ɗumama zaren tukuna, har sinadarin da ke jikinsa ya fara sakin ilektoron da kansa. Wannan shi ne jim ɗin farko. Ana iya tsallake shi, kuma masu yin ƙwai mai araha sun tsallake: su doka wuta mai ƙarfi a kan zare mai sanyi, ƙwan ya kama nan take, mai saye ya ji daɗi a shago. Amma kowane irin wannan kamu yana ɓantarar sinadarin daga jikin zaren yana watsa shi a gilashi. Baƙin da kake gani yana taruwa a gindin bututu, kusa da roba, shi ne wannan. Ranar da sinadarin ya ƙare, ƙwan ya gama yawo. A wurin da ake ɗauke wuta a dawo da ita sau biyar a wuni, a kuma juya zuwa janareta a sake juyowa, kowane juyi kamu ne sabo. Awa dubu shida ko dubu goma da ake rubutawa a kwali an auna su ne da ƙwan da ake bari ya yi awanni a kunne kafin a kashe.

Sai jira na biyu, wanda shi ne Baba yake kuka da shi.

Zaiba ƙarfe ce mai ruwa-ruwa. A cikin ƙwai mai sanyi, kusan dukkanta tana kwance ne a wani lungu na gilashin, ko manne a jikin hoda. Ɗan tururin da ke yawo a bututun kaɗan ne ƙwarai. Ilektoron sun fito tsere, amma waɗanda za su bangaza ba su hallara ba, kamar kasuwar da masu saye suka riga masu kaya zuwa. A wannan lokaci iskar agon ce take ɗaukar wani ɓangare na aikin, kuma ita haskenta rauni gare shi, mai launin ja-ja zuwa shuni. Abin da Baba yake laluben takalmi a cikinsa kenan. Sannu a hankali wutar da ke ratsa bututun tana ɗumama gilashi, zaiba tana tashi tana zama tururi, haske yana ƙaruwa.

Yawan tururin kuwa ba ruwansa da wurin da ya fi zafi a ƙwan. Wurin da ya fi sanyi ne yake yanke hukunci, domin can tururi yake komawa ya kwanta, kamar yadda gumin tukunya yake taruwa a murfi. Sai wannan lungu ya kai wajen digiri 40 kafin tururin ya kai adadin da ake so. Tazarar ba ƙarama ba ce: tururin da zaiba take bayarwa a digiri 40 ya ninka na digiri 20 wajen sau biyar, na digiri 20 kuma ya ninka na digiri 10 fiye da sau biyu. Shi ya sa ƙwan da ba ka lura da nawarsa a watan Afrilu a Sakkwato, za ka yi ta tsaki da shi da asubar Janairu a Jos. A ƙasashen da ake ƙanƙara, wanda aka rataya a waje wani lokaci ƙin kamawa yake gaba ɗaya.

Mutum zai ce to ai da sauƙi, a ƙara zafi, a ƙara zaiba. A nan gizo yake saƙar. Idan tururin ya wuce kima, zaibar da kanta take komawa tana shanye ɓoyayyen hasken da 'yan'uwanta suka fitar kafin ya isa jikin hoda. Haske ya ragu, wuta ta tafi a banza. Wato tururin kamar gishiri yake a miya, yana da iyakarsa ta sama da ta ƙasa, kuma tsakaninsu ba nisa.

Doguwar fitila ba ta cika shiga wannan matsala ba, don tana da tsawo da faɗi, iska tana kaɗa ta, a ɗaki mai digiri 25 lungunta mai sanyi yana tsayawa daidai wurin da ake so. Amma da aka ce a lanƙwasa wannan doguwar aba a cusa ta a gurbin gulob, sai zafi ya rasa mafita. Bututun ya sirance, ya naɗe a jikin kansa, ga balas a ƙarƙashinsa yana nasa zafin. Idan kuma aka rufe shi da ƙoƙo don ya yi kama da gulob, ko aka cusa shi a ramin silin, cikinsa sai ya zama tanda. Zaiba tsurarta a irin wannan wuri za ta yi tururi fiye da kima, ƙwan ya fara da haske mai kyau, bayan minti goma ya dusashe.

Maganin da aka samo, duk wanda ya taɓa ganin masu haƙar zinariya a Zamfara zai gane shi. Su kan zuba zaiba a cikin garin dutsen da suka wanke, ta kama zinariyar su dunƙule wuri ɗaya, kuma ba ta saki sai an gasa dunƙulen a wuta ta tashi ta bar zinariya. (Tururin nan da suke shaƙa guba ne mai taɓa ƙwaƙwalwa, amma wannan zance ne na wata rana.) Masu ƙera ƙwai sun ari wannan hali na zaiba. Maimakon su ɗiga ta tsura, sai su haɗa ta da wasu ƙarafa irin su bismut da indiyom, ta zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero, a ajiye shi a wani siririn lungu kusa da gindi. Wannan gami, amalgam a bakin masana, yana riƙe zaibar gam. Ba ya sakinta yadda ya kamata sai ya yi zafi sosai, kuma ko zafin ya ci gaba da hawa, yana tsare yawan tururin kusa da inda ake so a tsawon tazara mai faɗi. Ƙwan da ke da shi yana iya wuni a rufe cikin ƙoƙo haskensa bai faɗi ba.

Kuɗin wannan gyara da asuba ake biyansa. Dunƙulen da ya hana zaiba yin yawa a cikin zafi, shi ne kuma yake hana ta fitowa a cikin sanyi. Ƙwai mai gami yana farawa da haske ƙasa da na mai zaiba tsura, kuma ya fi shi daɗewa kafin ya cika, don sai zafi ya ratsa har lungun da dunƙulen yake. Don rage wannan, sukan ƙara wata 'yar ragar ƙarfe da aka shafa wa indiyom dab da zaren. Idan an kashe ƙwan ya huce, ragar tana tsotse wani kaso na zaibar ta ajiye. Da an kunna, ita ce take fara jin zafin zare, sai ta saki abin da ta riƙe cikin 'yan daƙiƙu, ya riƙe ƙwarya kafin babban dunƙulen ya farka. Idan ka zuba wa irin wannan ƙwai ido a ɗaki mai duhu za ka ga abin da idonka: haske yana fara ƙarfi daga bakunan bututun, kusa da roba, tsakiyar tana dishi-dishi, sannan ya riƙa rarrafawa sama har ya haɗe.

Hukumomin da ke sa ido a kan ingancin kaya sun san da wannan ciniki, har suka rubuta shi a doka. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2009 ta ba ƙwai mai zaiba tsura daƙiƙa 60 ya kai kashi 60 cikin 100 na haskensa, mai gami kuma ta ba shi 120. Daga 2013 aka matse su zuwa 40 da 100. A Amurka kuma, tsarin tantance kayan da ke tsimin wuta mai suna Energy Star ya taɓa yarda mai gami da mai ƙoƙo su ɗauki har minti uku kafin su kai kashi 80. Ni a ganina, a ƙasa mai zafi irin tamu, inda ɗaki mai rufin kwano yake haura digiri 40 da rana, mai gamin ne ya fi dacewa da mu, ko da yake shi ne muka fi zagi. Mai saye yana gwada ƙwai na daƙiƙa biyar a shago ya yanke masa hukunci, alhali halinsa na gaskiya sai bayan kwata ɗin awa yake bayyana.

Tun farkon tarihinsa da wannan matsala ya taso. Bayan rikicin man fetur na 1973, wani injiniyan kamfanin General Electric a Amurka, Edward Hammer, ya ƙera mai murɗaɗɗen bututu a 1976, kamfanin ya ajiye shi a gefe saboda tsadar injinan da za su naɗe gilashin. Kamfanin Philips ne ya fara kai ƙwan enaji kasuwa a 1980, wani jibgegen abu kamar kwalbar zuma, mai cok na ƙarfe a ciki, nauyinsa ya kai rabin kilo, kuma saboda a rufe yake, da gami aka yi shi. Kamfanin Osram ya fito da mai balas na zamani a 1985. Sai a tsakiyar shekarun 1990 masana'antun Sin suka fara fitar da murɗaɗɗen da yawa, farashi ya faɗo, ya iso kasuwanninmu. A 2007, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin Ghana ta raba ƙwan enaji miliyan shida kyauta a karɓi tsofaffin gulob, abin da ya rage wa layin wutar ƙasar nauyin megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta.

Akwai wata magana da ta yaɗu saboda wannan nawa, wai ƙwan yana zuƙar wuta mai yawa ne a lokacin da yake ƙoƙarin kamawa, don haka gara a bar shi a kunne dare da rana. Ba haka abin yake ba. Fizgar da yake yi a farko ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma ba ta wuce wutar da zai sha a 'yan daƙiƙu na aikinsa ba. A mintunan da yake dishi-dishi ma ba ya shan fiye da ƙa'idarsa. Wutar tana shiga, hasken ne bai samu ba tukuna. Abin da yawan kunnawa da kashewa yake ci shi ne ran zaren, ba mita ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ba da shawara mai sauƙin riƙewa: in za ka dawo ɗakin cikin minti 15 bar shi, in za ka wuce haka kashe. Wannan ma ya nuna inda bai kamata a sa shi ba tun farko, wato banɗaki da matakala da sito, wuraren da kafin ya gama farkawa ka gama abin da ya kai ka.

Yanzu dai zamaninsa ya zo ƙarshe. Ƙwan LED ba ya jiran komai ya tafasa, a cikin ɗan ƙanƙanin dutsen lantarki haskensa yake fitowa, sanyi ma ƙara masa lafiya yake. General Electric ya sanar da daina yin enaji don kasuwar Amurka a 2016. A taron yarjejeniyar Minamata kan zaiba da aka yi a Bali ta ƙasar Indonesiya a 2022, ƙasashen Afirka ne suka kawo ƙudurin da ya sa aka amince a daina ƙera masu wat 30 zuwa ƙasa da shigo da su daga ƙarshen 2025. Waɗanda suka rage a silin da zauruka za su ci gaba da aiki har su mutu. Idan ɗaya ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe taga na minti goma zuwa sha biyar, a kwashe gilashin da kwali da tsumma mai laima a ƙulle a leda, kada a bi shi da tsintsiya hodar ta tashi.

Na zaurenmu kuwa ya fara nuna shekarunsa. Da tsufa, gilashi da hodar suna shanye zaibar kaɗan-kaɗan ba sa mayarwa, abin da ya rage don yin tururi yana raguwa, jiran yana ƙara tsawo. A hunturun da ya wuce na lura jan nan na farko yana daɗewa fiye da da, kuma ko ya cika akwai sauran sirkinsa a tsakiyar ƙoƙon. Na sayo LED na kawo zan canja, Baba ya ce in bar masa abinsa sai ya mutu don kansa. Yanzu kafin ya ɗauki buta yake danna makunnin, ya je ya yi alwala, ya dawo ya tarar da takalmansa a fili.